Tsohuwar Babbar Mota Ta Ƙi Tashi: Inda Manhajar Waya Ba Ta Da Ta Cewa

Matasa sun saba da 'yar na'urar OBD2 da ake haɗawa da waya ta faɗi ciwon mota. To, tsohuwar Marsandi 911 da ta shekara biyu a ajiye ba ta da kwamfuta, balle wurin jona na'urar. A nan sai mita, sifana da haƙuri.

Batir ake fara dubawa. Lafiyayye mai volt 12 yana nuna kusan 12.6 a mita. In ya sauka ƙasa da 12, sai caji ko canji.

Sai gas. Wanda ya daɗe a tanki yana tara ruwa da dauɗa, ya toshe filta. A tsiyaye shi, a sauya filta, a yi ta buga famfon hannu har iska ta fita daga layin mai, domin injin gas ba ya tashi da iska a layi.

Kafin murɗa makulli, a duba baƙin mai, a juya injin da sifana. In ya cije, a dakata. Matsa wa kik babu hutu na iya ƙona shi, gyaran wuni guda ya koma na wata.