Madubin Hangen Nesa: Kar Ka Goge Shi Da Bakin Riga

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganarmu a kan madubin hangen nesa ce, mai ido biyun nan da ake riƙewa a hannu. Duk wanda ya saba zaga kasuwar Sabon Gari, wato kasuwar Abubakar Rimi da ke Fagge, ya san akan ci karo da shi wajen masu kayan gwanjo da masu kyamara. Wani ya saya don neman jinjirin wata, wani don kallon wasan Pillars daga can saman filin Sani Abacha, wani don Hawan Daushe. To amma bayan wata biyu zuwa uku sai ka ji mutum yana cewa an zuba masa jabu, wai hoto ya dushe. Sau da yawa kuwa ɗan kasuwa ba shi da laifi. Bakin riga ne ya kashe abin.

Bari mu yi bayani. Ɗauki madubin ka karkata shi a haske, za ka ga gilashin yana ɗaukar ido da launin kore ko shuɗi ko shunayya. Wannan launin wani shafe ne da aka yi wa gilashin a masana'anta. Gilashin da ba a shafa ba, kowace fuska tasa tana mayar da kusan kashi 4 cikin 100 na hasken da ya faɗa mata. A cikin madubi ɗaya kuwa haske yakan ratsa fuska goma ko fiye kafin ya iso idonka. Ka ga kusan kashi ɗaya cikin uku ya salwanta a hanya ke nan. Wani masani mai suna Alexander Smakula ne ya samar da dabarar shafen a kamfanin Zeiss na Jamus a 1935. Shafen nan siriri ne ƙwarai, silin gashin kai ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. Kuma idan ya kuje, ya kuje ke nan, babu mai gyaran da zai mayar maka da shi a kasuwa.

To me yake kuje shi? Ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kwaso ƙura daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta zo ta haɗu da tamu ta titi da ta 'yan adaidaita. A cikinta akwai ɓurɓushin yashi, shi kuma yashi ya fi gilashi tauri. A ma'aunin tauri na Mohs mai hawa 10, ƙwayar yashi tana kan 7, gilashi kuwa tsakanin 5 da 6 yake. Saboda haka duk lokacin da ka ga ƙura a gilashi ka sa bakin riga ka murza, wallahi sanfefa ka yi masa. Ba za ka gani ranar farko ba. A hankali ƙananan zane suke taruwa, sai ka ga komai kamar cikin hazo, musamman idan ka fuskanci wajen haske.

Yawwa, ga yadda ake yi, kuma bin tsarin shi ne komai.

Na farko, busawa. Ka kifa gilashin ya kalli ƙasa, ka busa masa iska da 'yar robar busa ƙura ta masu kyamara. In ba ka samu ba, sabuwar robar nan da ake zuƙe wa jarirai majina da ita a kemis tana yin aikin. Kar ka hura da baki a wannan matakin, domin miyau yana fita, sai ya liƙe ƙurar.

Na biyu, burushi mai laushi sosai, irin na kwalliya, sabo wanda bai taɓa hoda ba. Ka share a hankali har gefe-gefe, kuma kar ka taɓa gashin burushin da yatsa, saboda maiƙo.

Na uku, ka tsaya ka duba. In gilashin ya fita, shi ke nan, ka bar shi. 'Yar ƙura ɗaya biyu a babban gilashin gaba ba ta hana ka ganin komai. Yawan gugar ne yake kawo illa.

Na huɗu, sai in akwai shatin yatsa ko maiƙo. An fi samunsa a ƙananan gilasan da ake kanga wa ido, saboda gumi da man fuska da kwalli. Ka samo ruwan goge tabarau da ƙyallen tabarau mai tsabta. Ka ɗiga ruwan a kan ƙyallen, ɗigo ɗaya ko biyu. In ka zuba kai tsaye a gilashi zai iya gangarawa ciki ta gefe. Sai ka fara daga tsakiya kana zagayawa zuwa waje, ba dannawa. Ka juya busasshen gefen ƙyallen ka ƙarasa. Shi ma ƙyallen a cikin leda ake ajiye shi, don in ya kwana a aljihu da makulli da canji, ya zama sanfefa shi ma.

Abubuwan da za ka nisanta: tishu, jarida, omo, ruwan goge gilashin taga, turare, fetur da kananzir. Kuma don Allah kar ka kwance shi ka ce za ka goge ciki. Akwai gilasai masu kusurwa a ciki da aka saita su daidai da juna. Da sun goce kaɗan, sai ka riƙa ganin abu biyu-biyu, kai ya yi ta ciwo.

Damina kuma nata matsalar daban. A watan Agusta, lokacin da laima ta yi yawa a Kano, in ka kulle madubi da danshi a jaka, fumfuna tana tsirowa a cikin gilashi kamar saƙar gizo-gizo, in ta daɗe har ta cinye shafen. In ruwa ya taɓa shi, ka bar shi a buɗe a inuwa ya sha iska kafin ka rufe. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi da ake samu a kwalin sabon takalmi, ka jefa biyu a jakar, suna tsotse laima. Da bazara kuma kar ka bar shi a mota a rana, zafi yana narka man da ke ciki har ya yi wa gilashin tururi.

In za ka sayi na hannu a Sabon Gari, ka kunna fitilar wayarka ka haska cikin babban gilashin daga gefe. Zane da fumfuna duk za su bayyana. Sannan ka fito waje ka kalli wani abu mai nisa, kamar turken lantarki. In ka ga biyu, ko ka ji idonka yana ja, ajiye musu kayansu komai arharsa. Lambobin da ke jiki kuma, misali 7x50, na farkon yana nufin sau nawa yake kusanto da abu, na biyun faɗin gilashin gaba ne a milimita. Mai faɗi ya fi tara haske da magariba.

Wannan ya kawo mu ga masu neman wata. Shekarun nan azumi yana faɗowa a ƙarshen hunturu, a 2025 ma ranar 1 ga Maris aka tashi da shi. Jinjirin wata siriri ne, ga hazo, ga jan hasken yamma, gilashi mai zane kuwa watsa hasken yake yi ya ɓoye maka shi. Ga gargaɗin da ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci: kar ka ɗaga madubi wajen yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Gilashin tara hasken rana yake yi wuri guda, cikin ƙiftawa zai iya ƙona bayan ido, kuma wannan ba ya warkewa. Kar a bar yara da shi da rana. Wanda Allah ya nuna wa watan kuma, sai ya kai rahoto ga dagaci ko hakimi mafi kusa, kamar yadda fadar Sarkin Musulmi take sanarwa.

Wannan tsarin na busa, share, sannan goge, haka yake ga tabaranka da kyamarar wayarka. Ku faɗa mana a ƙasa, da me kuke goge naku? Sai mun haɗu a shiri na gaba, mu kwana lafiya.