Ƙirgen maƙala da matar da ke haihuwa a ɗaki

A Jami'ar Ahmadu Bello, kamar sauran jami'o'in Najeriya, lakcara ba ya zama farfesa sai an ƙirga masa maƙaloli. Kwamitin ƙarin girma yana duba adadinsu, da mujallun da suka fito, da yawan waɗanda suka ambace su. Dalilin a bayyane yake: abin da ake iya ƙirgawa ya fi wuyar musu da son kai. Masu ba da kuɗi ma haka suke so. Cibiyar nazarin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, wadda Bankin Duniya ya tallafa aka kafa a jami'ar a 2014, ta kasance cikin shirin da ke sakin kuɗi gwargwadon sakamako, irin su ɗaliban da aka horar da binciken da aka wallafa.

Wannan ma'auni ya yi amfani. Matasan masu bincike sun koyi tsara gwaji, da neman izinin kwamitin ɗa'a, da miƙa aikinsu ga tsara su tace. Amma ya haifar da mujallun biya-a-buga, da ɗora sunan wanda bai taɓa aikin ba.

Babbar illarsa ita ce abin da ba ya gani. A 2009 masu binciken jami'ar, tare da Jami'ar Kalifoniya ta Berkeley, sun gwada raba ƙwayar misoprostol a wasu garuruwan kewayen Zariya domin hana zubar jini bayan haihuwar gida. Maganin sananne ne tun da daɗewa. Aikin yana wani wuri: shawo kan mai unguwa da maigida da uwar miji, sannan koya wa ungozoma cewa ƙwaya uku ake haɗiya bayan jariri ya faɗo, ba lokacin naƙuda ba, kuma sai an tabbatar babu ɗan tagwaye a ciki. Kuskure a nan rai ne.

Wanda ya iya wannan ya ƙware ƙwarai, amma takardar kwamiti ba ta da gurbinsa. Saboda haka matashi mai hankali yakan zaɓi binciken da zai ƙare a mujalla cikin wata shida. A ganina, ya kamata a riƙa tambayar mai neman girma ko likitocin asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan sun sauya wani abu a aikinsu saboda bincikensa, kuma amsar ta ɗauki maki.