Takardar Awon Jini Ta Ce "A Kan Iyaka": Maƙoƙo Ne Ko Ƙarancin Jini?

Mu ɗauki misalin wata uwa a ƙauyukan Gazara, mai 'ya'ya biyar, tana goyon na shida. Wata huɗu ke nan ba ta jin ƙarfin jikinta. In ta ɗauki taɓarya sai numfashi ya gagare ta, gashinta yana zuba a kan matsefi, tana jin sanyi ko da rana tsaka, ƙafafunta kuma sukan yi kamar ana tsira musu allura. Maigida ya sayar da buhun masara ya kai ta Zariya, aka ɗibi jini. Takarda ta fito: TSH 6.2, T4 daidai. Malamin awo ya ce abin yana "kan iyaka". Kafin su iso gida, labari ya riga ya zama wai tana da ciwon maƙoƙo, za ta sha magani har iyakar ranta.

To, masu karatu, kada mu yi gaggawa. Bari mu duba takardar nan tare.

A gaban wuyan kowane mutum akwai wata 'yar tsoka mai kamannin malam-buɗe-littafi, likitoci suna ce da ita tayirod. Ita ce in ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Aikinta shi ne fitar da wani sinadari, watau T4, wanda yake tsara saurin aikin jiki: bugun zuciya, ɗumin jiki, narkar da abinci. Amma ba ita take ba kanta umarni ba. A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta da take aiko mata da saƙo ta cikin jini, saƙon nan shi ne TSH.

Duk wanda ya taɓa ganin doki yana juya injin matse rake a ƙasar Makarfi ko Kudan zai gane wannan nan da nan. Tayirod ita ce dokin, T4 ruwan raken da yake zuba, TSH kuwa tsawar yaron da yake kora. In doki yana tafiya sosai, yaro ba ya ɗaga murya. In ya soma nawa, sai tsawa ta ƙaru. Saboda haka TSH mai yawa yana nuna tayirod ta yi sanyi ne, ba ta yi zafi ba. Mutane da yawa sukan juya wannan.

A yawancin ɗakunan awo, TSH na lafiyayyen baligi yakan kama daga wajen 0.4 zuwa 4 ko 4.5. In ya haura 10, ko kuwa T4 ya faɗi ƙasa, to doki ya gaza, likita zai ba da magani. Amma tsakanin 4.5 da 10, T4 kuma yana daidai, ma'anarsa yaro ya ɗan ɗaga murya, ruwan rake kuwa yana zuba yadda ya saba. A nan matar nan take.

Lambar nan ba ta zama wuri ɗaya. Takan hau da dare da asuba, ta sauka da rana. Takan hau sa'ad da mutum yake murmurewa daga zazzaɓi mai tsanani. Takan ɗan ƙaru da tsufa. A cikin shekara ta fari bayan haihuwa, tayirod ta waɗansu mata takan rikice na 'yan watanni, yawanci kuma ta koma daidai da kanta. A 2017 an buga sakamakon wani babban bincike a ƙasashe huɗu na Turai a kan tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama. Da aka sake auna waɗanda TSH ɗinsu ya ɗan hau, wajen uku cikin biyar sun koma daidai ba tare da magani ba. Mutum 737 suka shiga gwajin, aka ba rabi magani na gaske, rabi ƙwayar da ba kome a ciki. Bayan shekara guda gajiyarsu ba ta bambanta ba. Domin wannan ne likita mai hankali yakan ce a dawo bayan wata biyu ko uku a sake awo. Ba wulaƙanci ba ne, ba kuwa neman kuɗi ba.

Amma fa gajiyar matar nan gaskiya ce. Ina ta fito?

Ga inda muke so mu daɗe. Binciken lafiyar jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Haihuwa kusa da kusa, zubar jini mai yawa a al'ada, zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki da take shiga ta tafin ƙafa a fadama, da tuwon da miyarsa ba ta ga nama ba sai ran salla, duk suna cinye sinadarin ƙarfe na jiki. Alamunsa kuwa? Gajiya, jin sanyi, zubar gashi, haki, jiri. Watau kusan alamun tayirod mai sanyi ke nan. Sai dai akwai 'yan bambance-bambance. Mai ƙarancin jini cikin idonta da tafin hannunta sukan yi fari, zuciyarta tana bugawa da sauri, wani lokaci tana kwaɗayin cin ƙasa. Wadda tayirod ɗinta ta yi sanyi sosai kuwa, bugun zuciyarta yakan ragu, fuska ta kumbura, fata ta bushe, murya ta dushe, bayan gida ya yi tauri. Abin mamaki kuma, tayirod kanta tana bukatar ƙarfe kafin ta yi aikinta, don haka ƙarancin jini yana iya rage mata ƙarfi.

Awon jini na PCV, wanda ake yi a asibitocin da suke kusa da mu da kuɗi kaɗan, shi ya kamata a fara da shi. In ya kasa 36 ga macen da ba ta da ciki, ko 33 ga mai ciki, jini ya yi kaɗan.

Batun allurar nan da take ji a ƙafa, shi ya fi ba mu tsoro. Yana iya zama rashin bitamin B12, wanda ake samu a nama, hanta, kifi, ƙwai da nono. Ba a dogara da ganye ko hatsi a same shi. Rashinsa yana lalata jijiyoyi a hankali: ƙafa ta mutu, tafiya ta zama tangaɗi musamman cikin duhu, harshe ya yi ja yana zafi, mantuwa ta yi yawa. In aka daɗe, ɓarnar ba ta gyaruwa duka. Ga kuma tarko: ƙwayar folik asid da ake ba mata tana iya gyara jinin, PCV ya hau, alhali jijiyoyi suna ci gaba da lalacewa. Masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan metformin su ma sukan rasa shi. Wani lokaci ma cutar da take sa jiki ya yaƙi tayirod ɗinsa tana zuwa tare da wadda take hana ciki tsotse B12, sai a sami biyun a mutum ɗaya. Irin wannan awo sai manyan asibitoci, kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Tun da za a biya kuɗin mota, a roƙi likita ya duba duka a tafiya ɗaya.

Dattawa sun tuna lokacin da maƙoƙo ya fi yawa. Tun 1993 doka ta wajabta sa aidin a gishirin ci a Nijeriya, abin kuwa ya ragu ƙwarai. A sayi na cikin leda mai hatimi, a rufe shi, a nisanta shi da murhu da rana. Rogon da ba a jiƙa sosai ba yana hana tayirod amfani da aidin, an kuma ga haka game da gero a Darfur ta Sudan, inda aidin ya yi ƙaranci. Ba mu ce a bar fura ba. In gishiri yana da aidin, a sha lafiya.

Abin da muke roƙo kada a yi shi ne a ɗauki takarda a nufi kemis. Maganin tayirod in ya yi yawa yana sa zuciya ta rikice, ya raunana ƙashi. Kwalaben "ƙarin jini" da na gyaran gashi ma suna da nasu: waɗansu suna ɗauke da bayotin mai yawa, wanda yake ruɗa injin awo har lafiyayye ya fito kamar mai ciwo. A daina shansu aƙalla kwana biyu kafin awo, a kuma kai wa likita duk kwalaben ya gani. Wadda aka ɗora a kan maganin tayirod tare da ƙwayar ƙarfe, ta raba su da awa huɗu, gama ƙarfe yana hana maganin shiga jiki. Ta kuma bar shayi a lokacin shan ƙarfen, ta haɗa shi da lemo ko gwaiba.

Akwai waɗanda ba za su jira wata uku ba. Mai ciki, ko mai neman ciki, ko wadda take yawan ɓari, ta koma wurin likita a makon nan, domin ƙwaƙwalwar jariri tana dogara ga T4 na uwa a watannin fari, ma'aunin mai ciki kuma dabam ne. Haka wanda kumburin wuyansa yake girma da sauri, ko yake wahalar haɗiya. Sauran kuwa su adana takardar farko cikin leda, su koma ɗakin awon da suka fara zuwa, da safe kamar wancan karo, don a gwada lambobin biyu gefe da gefe.