Ƙaramar Bindiga a Ƙarƙashin Riga: Tambayar da ta Iso Kurfey

Wata ranar kasuwa a Filinge ta ƙasar Kurfey, bayan an idar da sallar la'asar, ina zaune a rumfar wani aminina mai sayar da yadi, sai ga wani saurayi, ɗan ƙanena a zumunci, wanda yake fataucin dabbobi tsakanin Abala da Yamai. Ya durƙusa ya gaishe ni, sa'an nan ya miƙo mini wayarsa, inda na ga wani Ba'amurke ya jera ƙananan bindigogi bisa tebur, yana bayanin wadda ta fi dacewa mutum ya soke a ƙugu ba tare da kowa ya sani ba. Yaron ya ce, "Baba, in da kai ne kake bin hanyar nan kowane mako da dukiyar mutane a aljihu, wacce za ka zaɓa?" Ban yi masa faɗa ba, domin na san abin da ya haifi tambayar, kuma duk wanda ya zauna a jihar Tilaberi cikin shekarun nan ya san tsoron da yake magana a kansa haƙiƙa ne. Amma na yi masa alkawarin amsa mai tsawo, ga ta nan, domin shi da ire-irensa.

Abin da masu wannan fanni suke tattaunawa a Amurka, in an taƙaita, ciniki ne tsakanin sauƙin ɓoyewa da ingancin harbi. Ƙaramar bindiga, wadda dattawanmu suke kira libarba ko da kuwa ba mai juyawa ba ce, gwargwadon ƙanƙantarta gwargwadon yadda take lafewa a jiki, amma kuma gwargwadon haka take ƙara wuyar sarrafawa, saboda gajeren bututu yana rage daidaiton saiti, rashin nauyi yana sa ta zabura a hannu in an ja kunama, ƙaramin mariƙi kuma ba ya cika tafin namiji. Samfurin Glock 19, na wani kamfanin ƙasar Ostiriya, yana ɗaukar harsashi 15, ƙanensa Glock 43 kuwa 6 kawai yake ɗauka, ga shi dukansu harsashi iri ɗaya suke ci, mai faɗin milimita 9. Su kansu masu koyar da harbi a can sun yi ittifaƙi a kan cewa wannan makami na kusa ne ƙwarai, kuma wanda bai lazimci horo ba, in tsoro ya kama shi, yana iya kuskure mutum a tazarar da ba ta wuce faɗin tsakar gida ba.

Dalilin da ya sa wannan mas'ala ta zama hirar yau da kullum a Amurka shi ne, tun 1791 tsarin mulkinsu ya tabbatar wa jama'a haƙƙin riƙon makami, a watan Yuni na 2022 kuma kotun ƙolinsu ta hukunta cewa haƙƙin ya haɗa da fita da bindiga waje domin kare kai. An ƙiyasta a 2017 cewa bindigogin da ke hannun farar hula a ƙasar sun kai kimanin miliyan 393, wato sun fi mutanen ƙasar yawa. Sai dai akwai lissafin da mai jera bindigogi bisa tebur bai nuna wa ɗana ba: a shekarar 2021 mutane 48,830 ne suka mutu ta hanyar harbi a Amurka, kuma fiye da rabinsu su ne suka kashe kansu. Bindigar da aka saya domin ɓarawo, sau da yawa a kan mai gida ko iyalinsa take ƙarewa.

A Nijar hukuncin dabam yake. Riƙon bindiga a nan izini ne da hukuma take bayarwa ko ta hana, ta hannun ma'aikatar cikin gida, bayan bincike a kan halin mai nema da dalilinsa, kuma wanda aka kama da ita ba takarda, kurkuku ne makomarsa. A yankin da aka daɗe ana zaman dokar ta-ɓaci, inda aka hana hawan babur a sassa da dama tun farkon 2020, saurayin da jandarma suka laluba a shinge suka sami bindiga a ƙugunsa zai sha wuya kafin ya gamsar da kowa cewa shi ɗan kasuwa ne mai tsoron ƴan fashi, domin alamar da ya ɗauka ita ce alamar waɗanda ake nema.

To, mu ajiye doka a gefe na ɗan lokaci, mu dubi haɗarin da kansa, domin a nan ne nake ganin tambayar ta ɓace hanya. Ba'amurken nan yana tunanin ɓarawo ɗaya ko biyu a lungun birni da dare. Abin da ya addabi arewacin Tilaberi kuwa taron mutane ne bisa babura, biyu-biyu, riƙe da Kalashnikov mai ɗaukar harsashi 30, wadda take kashewa daga tazarar ɗaruruwan mita. Ranar 9 ga Janairu 2020 sun auka wa sansanin soja na Shinagodar suka kashe sojoji 89, mutanen da aikinsu ke nan, da horonsu da manyan makamansu. Ranar 15 ga Maris 2021 sun tare motocin da ke komowa daga kasuwar Banibangu, aka rasa rayuka 58. Abin da ya fi kusa da mas'alarmu shi ne na ranar 2 ga Nuwamba 2021, lokacin da magajin garin Banibangu ya jagoranci ƴan sa-kai, mazaje masu zuciya waɗanda suka gaji da binne ƴan'uwansu, suka fita neman maharan, aka yi musu kwanton ɓauna a Adabdab, mutum 69 suka kwanta dama har da shi magajin garin. Allah ya jiƙansu, ya gafarta musu. In jama'a mai yawa haka, da niyya ɗaya da shugaba, ta gamu da wannan, ina wanda yake shi kaɗai a bayan mota, tsakanin buhuna da awaki, da harsashi shida a aljihu? Fitar da bindigar a irin wannan wuri yana iya jawo halaka a kan duk wanda ke cikin motar.

Kada wani ya zaci ina kiran Kurfayawa zuwa ga ragwanci. Ƙasar nan ta kwarin Dallol Boso, wadda ta zauna tsakanin Zabarmawa a kudu da Buzaye na Imanan da Azawak, ta san yaƙi tun kafin zuwan Nasara, har sunan Mayaƙi ya zama abin da aka san gidan sarautarta da shi. Kakanninmu sun riƙi baka da kwari, da mashi da takobi, maharba kuma suna da bindigar toka wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Amma wanda ya lura zai ga cewa makamin wancan zamani a bayyane yake, a rataye a kafaɗa, kowa ya san mai shi da gidan da ya fito, kuma akwai manya da suke da ikon cewa a fita ko a zauna. Ko wuƙar da makiyayi yake ɗaurawa a damtse, an san da ita, kuma yankan igiya da fiɗar dabba ne mafi yawan aikinta. Makamin ɓoye, wanda maƙwabci bai san da shi ba, mai gari bai san da shi ba, sabon abu ne a cikin al'adarmu, kuma yana zuwa ne a lokacin da rigimar gona da burtali tsakanin manomi da makiyayi take tashi kowace damina. Faɗan da a da yake ƙarewa da rotsin sanda da zaman sulhu a ƙofar hakimi, in bindiga tana ƙarƙashin riga, da jana'iza zai ƙare, gabar kuma ta wuce zuwa ga ƴaƴa.

Malamanmu na fiƙihu ba su hana mutum kare kansa ba. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma sun halatta tunkuɗe mai ta'addanci a kan rai ko iyali ko dukiya, da sharaɗin a fara da mafi sauƙi, kada a wuce gwargwadon larura. Tare da haka, ya tabbata a ingantattun hadisai cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum nuna ɗan'uwansa da makami, ya kuma umarci mai ratsa kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu domin kada ya ji wa wani rauni. In an yi wannan taka-tsantsan a kan kibiya, wadda sai an ɗana an ja kafin ta tashi, mai hankali ya yi ƙiyasi a kan abin da yatsan yaro ɗan shekara biyar yake iya tayarwa in ya same shi a ƙarƙashin matashi. Kisan kuskure ma yana da diyya da kaffarar azumin wata biyu a jere, ban da nadamar da ba ta da ranar ƙarewa.

Nijar ta taɓa gwada wata hanya. A 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai, wadda aka fi sani da CNCCAI, bayan yarjejeniyar sulhu da ƴan tawaye ta 24 ga Afrilu 1995 kuma, aka taru a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 aka cinna wa bindigogi fiye da dubu wuta a gaban jama'a. Rushewar Libiya a 2011 ta sake buɗe ƙofar da aka yi wahalar rufewa, makamai suka kwararo ta hamada, farashinsu ya faɗi, har tambaya irin ta ɗana ta zama mai yiwuwa a rumfar mai yadi.

Ina da magana ga hukuma kuma, domin ba adalci ba ne a ce wa talaka ya ajiye makami sa'an nan a bar shi shi kaɗai a hanya. Haƙƙin fatake ne a tsare musu hanyoyin Abala da Sanam da Bonkuku a ranakun kasuwa, a kuma amsa kiran ƙauye in ya yi kira. Kai kuwa ɗana, da duk saurayin Kurfey da wannan tunani ya ɗarsu a zuciyarsa, ku rage yawo da tsabar kuɗi tunda ana iya aika su ta kamfanonin tura kuɗi, ku yi tafiya cikin ayari da rana, ku sanar da mai gari abin da kuka gani. Wanda yake ganin larurarsa ta kai, ya nemi izini ta hanyar da doka ta shimfiɗa. Wanda kuma ya riga ya sayi bindiga a ɓoye, ina roƙonsa don Allah ya sami mai garinsu ko limaminsu, su raka shi ya miƙa ta ga hukuma tun tana sanyi.