Gaɓar Bahar Maliya ta Sudan: Murjani, Ayun Teku da Baƙi Masu Nutso

Gaɓar tekun Sudan ta miƙe fiye da kilomita 700 a yammacin Bahar Maliya, gaɓa ce da Hausawa suka daɗe da sani ta tashar Sawakin, inda a da alhazan ƙafa suke tsallakawa zuwa Jidda, amma ba kowa ya san irin dukiyar da ke kwance ƙarƙashin ruwanta ba.

Tushen wannan dukiya shi ne murjani, wanda a zahiri ba dutse ba ne, ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu mazauni mai tauri, ɗaya kan ɗaya, har ginin ya zama tudu a cikin teku. Da shi aka gina tsofaffin gidajen Sawakin, kuma shi ne ya ƙuntata mashigar tashar har Turawan Ingila suka kafa Port Sudan a 1905 domin manyan jirage. Da yake babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba laka a Bahar Maliya, ruwan garau yake, hasken rana kuwa na ratsawa zuwa zurfin da murjani ke bukata.

A 2016 hukumar UNESCO ta sanya wurare biyu na wannan gaɓa cikin jerin kayan gadon duniya. Na farko shi ne Sanganeb, zoben murjani da ke kimanin kilomita 25 daga tudu, inda masu nutso da tukunyar iska a baya ke haɗuwa da garken kifin shak mai kai kamar guduma. Na biyu shi ne Dungonab da tsibirin Mukkawar, kimanin kilomita 125 arewa da Port Sudan. Tun kafin haka, a 1963, Bafaranshen nan mai binciken teku Jacques Cousteau ya kafa ɗakuna a ƙarƙashin ruwan Sha'ab Rumi da ke wannan gaɓa, inda mutanensa suka yi wata guda a zurfin mita 10.

A wannan gaɓa, dabbar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce dugon, ayun teku, 'yar'uwar ayun da aka sani a kogunan Binuwai da Neja. Tana kiwo a kan ciyawar da ke tsirowa a ƙasan ruwa mara zurfi, tana shayar da ɗanta nono, kuma dole ta riƙa tasowa sama ta shaƙi iska, abin da ya sa in ta faɗa ragar masunta take nutsewa ta mutu. Cikinta kan haura shekara, ɗa ɗaya take haifa, sannan ta ɗauki shekaru kafin ta sake, saboda haka mutuwar uwa ɗaya giɓi ne da ba ya saurin cikewa. Kwale-kwale mai inji da ke bin ta domin baƙo ya samu hoto yana korar ta daga makiyayarta, farfelarsa kuma na iya yanka ta, wannan kuwa ɓarna ce da kuɗin ɗan yawon buɗe ido ba zai biya ba.

Abin da ya kare Dungonab har yau shi ne ƙarancin baƙi. A Hurgada ta Masar an cike bakin ruwa an jera otal-otal, murjani da yawa ya lalace, alhali a Sudan, kafin yaƙi, yawancin masu zuwa a cikin jirgin ruwa suke kwana, su yi nutso su koma, ba tare da an tone gaɓa ba.

Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya durƙusar da wannan harka. A lokacin gwamnati ta koma Port Sudan da zama, birnin ya cika da masu gudun hijira, kuma a watan Mayun 2025 jirage marasa matuƙa suka kai masa hari. Ɗaukewar ƙafar baƙi ba hutu ba ce ga dabbobin, domin matuƙin da ya rasa mai ɗaukarsa haya raga zai koma wa, gwamnatin da ke fama da yaƙi kuma ba ta da sukunin tura masu gadi zuwa Dungonab.