Na'urar da Ke Mutuwa Ba Wasiyya

Da kaka, idan masara da waken soya da auduga suka fara sauka a kasuwannin Funtua da Dandume da Bakori da Malumfashi, kuɗi masu yawa ba sa bi ta hannu yanzu. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, dillali da manomi suka saba da tsayuwa gaban mai POS. Wannan 'yar na'ura, da wayar Tecno ko Itel da ke aljihun manomin, da akwatin intanet na shagon buga takardu, duk kwamfutoci ne ƙanana. Kuma kowa ya san halinsu: ana tsakiyar ciniki sai na'ura ta sandare, ko ta kashe kanta ta taso, ko ta maƙale a kan tambarin kamfani ta ƙi gaba ta ƙi baya. A kai wa mai gyara, ya ce sai an yi mata filashin. Wani lokaci ta warke, wani lokaci bayan mako biyu ciwon ya dawo, ba wanda ya san abin da ya same ta.

Abin da ke damuna shi ne, na'urar takan san abin da ya kashe ta. Hana ta faɗa aka yi.

Yawancin irin waɗannan na'urori ƙwaƙwalwarsu ƙirar ARM ce, wadda ta samo asali a Kambirij ta Ingila a 1985, kamfanoni irin su MediaTek na Taiwan da Allwinner na Sin kuma suke ƙerawa. Manhajar da ke can ƙasa tana tafiyar da komai ita ake kira kanel, kuma a wayoyin Android da POS masu yawa kanel ɗin Linux ne, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa yana ɗalibi a Helsinki a 1991. Aikinsa kamar na sarkin tasha ne: shi ke cewa wace mota ke kan layi, wa zai yi lodi, wa zai jira. Idan wata manhaja ta faɗi, kanel ya share ta a ci gaba. Idan kuwa shi ne ya faɗi, tasha ta watse.

Kafin a ɗora kanel a kan na'ura, injiniya yakan zauna ya zaɓi abin da zai shiga da wanda za a bari, cikin dubban zaɓuɓɓuka. Akwai sashe guda na bin diddigin matsala. Abin da aka kunna ko aka kashe a wannan sashe shi ke yanke hukuncin ko na'urar za ta iya bayani ranar da ta faɗi a Kafur ko Danja.

Mafi tsufa kuma mafi amfani cikin kayan bin diddigin shi ne printk, wato saƙonnin da kanel ke rubutawa yana aiki. Idan ka buɗe akwatin intanet ka duba allonsa da kyau, sau da yawa za ka ga 'yan ramuka uku ko huɗu a jere, an rubuta TX da RX da GND. Ƙofar magana ke nan. Da 'yar wayar USB mai arha da kwamfuta, a saita gudu a 115200, sai ka ga rubutu yana zubowa layi bayan layi tun daga kunnawa: an gano ma'adana, an gano batir, an gano allon taɓawa. Inda rubutun ya tsaya, nan ciwon yake. Sai dai a kula, yawancin allunan bolt 3.3 suke ɗauka, wanda ya ba su 5 yana iya ƙona su. Ga na'urar da ke mutuwa tun kafin ta buɗe baki akwai earlycon da DEBUG_LL, masu sa ta magana da wuri. Na biyun yana da sharaɗi: an ɗaure shi da ƙwaƙwalwa iri ɗaya, kanel ɗin da aka gina da shi yana iya ƙin tashi a wani allo.

Akwai kuma manyan kayan aiki. KGDB yana ba injiniya damar tsayar da kanel cak, ya bi shi taki-taki daga wata kwamfuta. Torvalds ya daɗe yana ƙyamar irinsa, yana ganin yana sa mutum gyaran alama ya bar tushe, sai a 2008 ya shiga Linux. KASAN, wanda ya zo a 2015, yana kama manhajar da ta yi rubutu a gurbin da ba nata ba, amma yana cinye kashi ɗaya cikin takwas na RAM, ga rage gudu. Na'ura mai megabait 256 ta yi asarar 32 ke nan. Waɗannan na ɗakin gwaji ne, ba mai hankalin da zai sayar da kaya da su a kunne.

Masu kashe waɗannan kayan suna da hujja, kuma ba ƙarama ba. A 2016 aka gano cewa kanel ɗin da Allwinner ya rarraba wa masu ƙera kaya da wasu ƙwaƙwalensa, irin su H3, yana ɗauke da wata ƙofa da aka bari ta gwaji: duk manhajar da ta rubuta kalma guda a wani fayil sai ta samu cikakken iko da na'urar. Ka ƙaddara irin wannan a POS da kuɗin mutane ke bi ta ciki. Don haka ba na kiran a bar POS a buɗe. A rufe shi ruf, haka ya dace.

Amma tsakanin buɗe komai da toshe komai akwai wuri mai faɗi, kuma nan ne ake cutar da mu. DEBUG_INFO, alal misali, yana kumbura fayil ɗin da ke zaune a kwamfutar injiniya ne, ba wanda ake ɗorawa a na'ura ba. Ajiye wannan fayil kawai ake buƙata, don ranar da saƙon faɗuwa ya zo a iya cewa ga layin da ya jawo. Akwai agogon tsaro, wanda idan kanel ya sandare na wasu daƙiƙoƙi zai tada na'urar da kansa, abin da injin ban ruwa a fadama, nesa da mai shi, ba zai yi ba tare da shi ba. Sannan ramoops, wanda a ganina ya fi su duka dacewa da mu: ana keɓe ɗan gurbi a RAM, kanel ya rubuta maganarsa ta ƙarshe a ciki, idan na'urar ta sake tashi a karanta. Wayoyin Android da dama suna da shi. Sai dai rubutun yana nan ne muddin wuta ba ta yanke ba. Abin da mai gyara ke fara yi kuwa shi ne cire batir, daga nan filashin. Shaida ta tafi kafin a tambaye ta.

Wani zai ce ai kamfanoni suna karɓar rahoton matsala ta intanet. Mutanen wannan yanki sun san iyakar wannan magana. A Satumba 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Funtua da Bakori da Malumfashi, aka yi watanni a haka. Ko ba wannan, ƙauyuka nawa ne sai an hau tudu ake samun sabis? Na'urar da za ta yi aiki a nan dole ta riƙe bayaninta a cikinta. Inda wuta ke yawan yankewa kuma, a sa ta rubuta shi a ma'adana ta dindindin, Linux yana da hanyar yin haka.

Ciwon namu ma daban ne. Zafin Afrilu, ƙurar hunturu, janareta mai hawa da sauka, caja ta jabu, ba a cika samunsu a ɗakin gwaji mai sanyi a Shenzhen ba. Allon Raspberry Pi, wanda ɗalibai ke yawan gina aikin kammala karatu da shi, yana rubuta gargaɗi a saƙonnin kanel da zarar wutar da ke shigarsa ta sauka ƙasa da kimanin bolt 4.63. Wanda bai karanta ba zai kwana yana zargin manhajarsa, alhali caja ce.

Ɗaliban injiniyan kwamfuta na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da takwarorinsu na Dutsin-Ma da Katsina, masu son ƙera ma'aunin damshin ƙasa ko sikelin hatsi don manomanmu, su gina kanel biyu: ɗaya mai nauyi na kan tebur, ɗaya mara nauyi na gona mai agogon tsaro da ramoops. Ƙungiyoyin manoma da hukumomin da ke sayo kaya da yawa kuma suna da abin tambaya kafin su biya: idan ta faɗi, ina take ajiye bayani, wa kuma zai karanta? Lasisin Linux, wato GPL, ya wajabta wa duk wanda ya sayar da na'ura mai ɗauke da shi ya ba mai saye tushen rubutun kanel ɗin idan ya nema, kuma tsarin zaɓuɓɓukan da aka gina shi da su yana cikin abin da ya kamata a miƙa.