Furokzi: mai rabon intanet a makarantu da shagunan Yola

Duk makaranta ko shagon intanet da ya ɗora kwamfutoci da yawa a kan layi ɗaya ya san wannan ciwo: mutum ɗaya ya kama sauke bidiyo, sauran su yi jugum suna jiran shafi ya buɗe. Daga Yolde Kohi a ƙaramar hukumar Yola ta Kudu har shagunan Jimeta kukan ɗaya ne, kuma ya ƙaru tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025. Cikin tsofaffin magungunan wannan ciwo akwai manhajar da ake kira furokzi.

Tsayuwa take yi tsakanin kwamfutocin gida da intanet. Duk mai neman shafi sai buƙatarsa ta bi ta wurinta, ita za ta fita ta karɓo ta miƙa masa, ta kuma ajiye kwafi saboda mai nema na gaba. Wadda ta fi suna ita ce Squid, da ta samo asali daga aikin Harvest na Jami'ar Colorado a Amurka; Duane Wessels ya ci gaba da ita, fitowarta ta farko a 1996. Kyauta ce, kuma rubutun tushenta a buɗe yake ga kowa a ƙarƙashin lasisin GPL. A zamanin da shagunan intanet ke dogara da faranti mai kamo tauraron ɗan'adam, wannan ajiyar kwafi ta rage wa masu su asara ba kaɗan ba.

Hanya biyu ake girka ta. Ko ka ɗauki wadda masu tsarin kwamfuta na Debian ko Ubuntu suka riga suka harhaɗa, ko ka sauko da rubutun tushen ka harhaɗa da kanka, kamar bambancin rigar kanti da yadin da ka kai wa tela. A hanya ta biyu, bayan kwamfutar ta samu manhajar harhaɗa C++, za a ba da umarnin ./configure, wanda zai leƙa ya ga ko akwai duk abin da ake bukata, kuma a nan ne kake zaɓar sassan da kake so. Daga nan sai make, mai juya rubutun zuwa abin da na'ura ke ganewa, sannan make install ya kai komai mazauninsa, wato /usr/local/squid idan ba ka canza ba. A tsohuwar kwamfuta make na ɗaukar lokaci, saboda haka a tanadi batir ko janareta. Sa'ar ita ce idan wuta ta ɗauke, ba daga farko yake komawa ba.

Babban aikin yana cikin fayil ɗin squid.conf. A nan ake rubuta kwamfutocin da aka yarje wa wucewa, shafukan da aka toshe, da ƙofar da manhajar ke saurare, galibi mai lamba 3128. Wanda ya yi sakaci ya bar ƙofar nan a buɗe ga duniya, to 'yan damfara daga ko'ina za su bi ta layinsa su yi ɓarna, kuma adireshinsa ne zai bayyana.

Sai dai zamani ya rage wa ajiyar kwafi daraja. Yawancin shafuka yanzu a kulle suke tafiya ta HTTPS, furokzi na ganin inda saƙo ya nufa amma ba ta ganin abin da ke ciki, balle ta ajiye. Akwai dabarar buɗe kullen, wadda ke bukatar a harhaɗa Squid da manhajar kulle saƙo ta OpenSSL, kuma shekaru da dama ita ce ke sa mutane harhaɗawa da kansu. Ni dai ban ba mai makaranta ko mai shago shawarar taɓa ta ba. Leƙen saƙon banki da wasiƙun mutane ba tare da saninsu ba cin amana ne, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. Amfanin da ya rage mai ƙwari shi ne rabo: a ƙayyade wa kowace kwamfuta iyakar gudunta, kada ɗaya ta cinye na kowa. Wannan kuwa yana cikin wadda aka riga aka harhaɗa.

Ga wani nauyi da ake mantawa. Abin da ka harhaɗa da hannunka, kai ne mai sabunta shi. A Oktoban 2023 wani mai bincike, Joshua Rogers, ya fallasa kafofi 55 na rauni a Squid. Mai amfani da ta Ubuntu gyara na zuwa masa cikin sabuntawar yau da kullum. Mai harhaɗawa da kansa sai ya bibiyi labari, ya sake saukowa, ya sake harhaɗawa.

Ɗaliban kwamfuta na Jami'ar Modibbo Adama da Jami'ar Amurka ta Nijeriya da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Adamawa su harhaɗa ta daga tushe ko da sau ɗaya ne, domin nan ake koyon cikin na'ura. Amma makaranta ko shagon da ba shi da ma'aikaci mai kula da ita kullum, ya tsaya ga wadda aka riga aka harhaɗa, ya rufe ƙofarsa, ya riƙa sabuntawa.